Lomar da Na Ba Kulu a Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban samu sakat a rumfata ba. Duk wanda ya zo sayen banda sai ya ja benci ya zauna. "Malam Sale, yaya jirgi? Da gaske ne koginsu ya fi namu faɗi?" Ni kuwa sai in tsinto musu abin dariya in ba su, in haɗiye sauran. To, sauran ya yi mini nauyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta tafiyar duka, har da wuraren da ba ni da gaskiya. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Ni mutumin wani ƙauye ne na bakin ruwa a ƙasar Kirikasamma. Sana'ata sayar da bandar kifi a Haɗeja, amma ba da ita aka san gidanmu ba. Da cire ƙaya aka san mu. Tun zamanin kakana, idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a wuya, gidanmu ake kawo shi. Akwai garin wata saiwa da muke barbaɗawa a lomar tuwo, a tofa addu'a, mutum ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, ya kora da ruwa. Da mahaifina zai ba ni ya ce maganin bai taɓa kunyata shi ba. Na riƙe wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Matata Kulu, uwar 'ya'yana biyar, ta fara cewa abinci yana tsaya mata. Ba a wuya ba, can ƙasa a ƙirji, bayan ƙashi. Na ce ƙaya ce ta gangara, na ba ta loma. Bayan mako ta ce abin yana nan, na ƙara mata. Haka muka yi shekara uku. Nama ya gagare ta, tuwo ya bi baya, ta koma kunu da fate mai ruwa-ruwa. Idan ana biki aka ajiye mata kwano sai ta ce ta ƙoshi tun daga gida. Sau biyu ta ce mini, murya ƙasa-ƙasa, ko za ta leƙa asibiti. Na ce, "Ki je ki ce musu me? A ji a gari cewa ƙaya ta gagari masu cire ƙaya a cikin ɗakinsu?" Ba ta sake tayar da zancen ba. Ba zan ce rashin sani ba ne, domin da idona nake ganin awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Girman kai ne kawai.

Wanta, Alhaji Bukar, mai fataucin shanu a Birniwa, shi ya katse abin. Ya zo gaisuwa, ta fito masa da ruwa, ya dube ta ya dube ni.

"Malam Sale, ko tunkiya ce ta rame haka a garkena, da tuni na kira malamin dabbobi."

Bai jira amsata ba ya sa ta a mota. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano. A can suka ba ta wani farin ruwa mai kauri kamar kunun alli, tana sha ana ɗaukar hoton ƙirjinta. Hoton ya nuna ruwan ya sauko ya tarar da wani abu mai santsi, ya matse ya kewaye shi, kamar yadda ruwan damina yake kewaye tudu a fadama. Suka kuma zura mata siririn tiyo mai fitila ta baki. Likita ya ce ƙari ne a jikin hanyar abinci, wato bututun da yake kai abinci daga wuya zuwa ciki. Ya ce alamu sun nuna ba mugun ba ne, amma tabbaci sai an cire an duba. Za su iya aikin ta hanyar buɗe ƙirji, akwai kuma wuraren da suka saba yi ta ƙananan huji. Alhaji ya dubi yadda ƙanwarsa ta ƙare, ya ce ba za ta ɗauki babbar yanka ba. Ya yi tambaya wajen abokansa, aka ce masa Masar. Shi ya ɗauki nauyin komai. Ni aka ce in raka ta, tun da ni ne mijin.

Mun bar Haɗeja da hantsi, ƙarshen damina, ruwa kwance dama da hagu na titi. A Jahun direba ya tsaya shan mai, masu talla suka yanyame motar. Wata mata mai jiki da ke kusa da Kulu ta sayi waina, ta miƙa mata.

"Baiwar Allah, ci mana. Wallahi kin fi ni buƙata."

"Na gode, azumi nake," in ji Kulu.

Matar ta dubi gorar kunun da ke kan cinyar Kulu, sannan ta juyo ta dube ni. Har Kano ban sake waiwayawa ba.

A filin jirgi Alhaji ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba. Ya ce, "Amana ce na ba ka. Abin da likita ya ce, shi za a yi. Ka ji ko?" Na ce na ji. A lokacin ƙunshin garin maganinmu yana cikin aljihun 'yar sharata ta ciki, na ɗaure shi da zare.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai kunnuwana da suka toshe, da sallar da na yi a zaune da taimama. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga rairayi ba iyaka, ba ruwa ba itace, na ja labulen tagar. An kawo abinci a ɗan faranti mai murfi, Kulu ta sha shayin ta tura mini sauran.

Wahalar iyaka a kan kifi ta same ni. Na zo da bandar tarwaɗa cikin kwali, don an ce mini abincinsu ba ya riƙe ciki. Ma'aikacin kwastan ya yanka igiyar, warin ya tashi, mutanen da ke bayanmu suka ja da baya. Ya ɗago guda ɗaya da yatsa biyu, baƙa wuluk a nannaɗe, ya kira abokin aikinsa. Daga yadda yake karkaɗa hannu na gane maciji suka ɗauka. Larabcina na allo bai da amfani a wurin, sai na ɓantari tsoka na jefa a baki na tauna a gabansu. Suka yi dariya har ɗaya yana dafa tebur, amma duk da haka suka riƙe kwalin. Jikina ba su taɓa ba. Da kifin suka bar mini suka karɓe abin da ke aljihu, da sun yi mini gata.

Wadda ta tarye mu wata dattijuwa ce, Hajiya Zainabu, da abokin Alhaji ya haɗa mu da ita. Kakanninta sun bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Can aka haife ta. Yanzu tana Alƙahira, tana saukar da marasa lafiya 'yan ƙasarmu a gidanta, tana kuma yi musu tafinta a asibiti. Hausarta irin ta kakata ce, bakinta kuwa ba linzami. Ta rungume Kulu, sannan ta juyo kaina.

"Kai ne mijin? To ɗauki jakarta mana, ka tsaya kamar an dasa ka. Nan maza ke ɗaukar kaya."

Gidanta a hawa na bakwai yake. Akwai wani akwatin ƙarfe da yake ɗaga mutane sama, yana ƙara yana girgiza. Na ce ni dai da ƙafa zan hau. Da na iso ina haki da jaka biyu, na tarar har sun sha ruwa sun miƙe ƙafa. Hajiya ta ce, "Ɗan Haɗeja, ka hau jirgin sama ka ji tsoron akwati?" Washegari na shiga, idona a rufe.

Mutanen garin sun ba ni mamaki. Za ka ji biyu suna ɗaga murya suna watsa hannu, ka ce yanzu za a ba hammata iska, ashe farashin tumatir suke yi, ƙarshe su rungume juna. Maza suna sumbatar juna a kumatu. Gaisuwarsu gajera ce, ba mai tambayar ka gajiya ko iyali ko kwanan gida. Da safe wake suke ci, a dama shi da mai da lemon tsami, a dangwala da gurasa. Na ce wa Hajiya a wurinmu wanda ya karya da wake an san gona za shi. Ta ce nan ma kowa gona za shi, gonar ce ta siminti. Ita ce take dafa wa Kulu miyar wani ɗan ƙaramin wake ja, ta tace ta sau biyu har ta zama kamar koko. Koginsu kuwa ya fi namu faɗi, ba musu, amma gine-gine sun tsare shi ko'ina. Na ga wani a kan gada da ƙugiya, na tsaya ina kallonsa kusan awa guda, abin da ya kama bai fi yatsana ba. Na so in ba shi labarin yadda muke kwanciya a kan gora mu bi ruwa da komar kamun kifi, ba bakin faɗa. A masallaci ne kawai, idan na shiga sahu kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, nake manta cewa ni baƙo ne.

Likitan da zai yi aikin dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali. Abin da na fara lura da shi, Kulu yake kallo idan yana tambaya, ba ni ba. Ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Na yi caraf na ce wata huɗu. Haka na faɗa a Kano ma. Hajiya ta fassara, ya yi wata 'yar magana.

"Ya ce ita yake tambaya," in ji Hajiya.

Kulu ta sunkuyar da kai. "Yadda Malam ya faɗa."

Bai ja zancen ba, ya rubuta gwaje-gwaje. Aka sa ta a wata na'ura kamar bakin rijiya aka ɗauki hoton ƙirjin yanki-yanki. Aka sake zura tiyon nan, wannan karon mai wata na'ura a baki da take ganin abin da ke cikin bangon bututun. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu, ya kama hannun kwat ɗinsa ya nuna mana. Ya ce hanyar abinci kamar hannun rigar nan take, akwai yadin waje, akwai shafi na ciki. Yadin waje tsoka ce mai matsa abinci ya gangara. A cikin wannan tsoka ƙarin ya tsiro, ya fi ƙwan agwagwa, yana danno shafin ciki har hanya ta tsuke. Shafin kansa lafiya lau yake. Ya yaba wa likitan Kano da bai tsinko wani yanki ta baki don gwaji ba, domin da an ji wa shafin rauni zai manne da ƙarin, rabuwarsu ta yi wuya.

Aikin, in ji shi, huji huɗu ne ƙanana a gefen dama tsakanin haƙarƙari. Za a sace iskar huhu ɗaya don a sami wuri, a tsaga tsokar, a ɓare ƙarin a fito da shi kamar gyaɗa daga kwanso, a ɗinke. Haɗarin shi ne a huda shafin ciki, abinci ya riƙa yoyo a cikin ƙirji. Idan abu ya rikice za su buɗe gaba ɗaya. Sannan ya ce, yana duban takarda ba ni ba, irin wannan ƙari a hankali yake girma, sai ya yi shekaru kafin ya kai haka.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce a tambaye shi ko ƙayar kifi tana iya jawo shi. Ya girgiza kai ya faɗi kalma ɗaya.

"Ya ce a'a," in ji Hajiya. "Ko ita ma a'ar in fassara maka?"

Da aka kawo takardar amincewa na miƙa hannu, aka zagaye hannuna aka ba Kulu. Ita ta dangwala yatsa. A raina na ce wannan wace irin al'ada ce, ga miji zaune.

Yanzu na zo inda nake tsallakewa a rumfa.

An kwantar da Kulu a asibiti kwana ɗaya kafin aikin, aka ba ni kujera a gefen gado. Nas ta rataye wani kwali a kan gadon, Hajiya ta karanta mini sau biyu: ba ci, ba sha, ko ɗigon ruwa, har a shiga da ita. Da na idar da sallar asuba gari ya fara haske, na zauna ina kallonta. Dama na ajiye guntun gurasa daga abincin da aka ba ni. Na cire cikinta mai laushi, na mulmula, na kwance zaren ƙunshin nan na barbaɗa, na tofa.

Na sha gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa ni, tsoron wuƙa, da fatan ko Allah zai sa abin ya faɗa a fasa aikin. Akwai wannan. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa, kuma shi ne gaskiyar. Ina so idan ta warke in sami abin faɗa a Haɗeja. In ce ai da safen ma sai da na ba ta namu na gado, Allah kaɗai ya san wanda ya yi aikin.

"Malam, sun ce kada in ci komai," in ji Kulu.

"Wannan ba abinci ba ne, magani ne. Loma ɗaya."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe baki. Ta haɗiye da ƙyar, da makurwa biyu na ruwa. Ta dafe ƙirji. Lomar ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Wajen ƙarfe takwas Hajiya ta iso, tare da wata likita mace, wadda take sa wa mutum barcin tiyata. Ta tambaya ko Kulu ta ci ko ta sha wani abu.

"Ban ci ba," in ji Kulu.

Likitar ta yi bayani, Hajiya tana juyawa. Ta ce tana nanata tambayar ne saboda mai irin wannan ciwo abinci yakan kwanta masa a saman ƙarin, bai wuce ba. Idan aka sa shi barci, abin yana iya dawowa ya faɗa huhu, kuma ana rasa rai ta haka. Ta sake tambaya.

"Ko ruwa," in ji Kulu. Ba ta dubi inda nake ba.

Aka fara tura gadon. Na bi su a baya ta wani dogon lungu. Ina ce wa kaina loma ɗaya ce, ƙanƙanuwa, mutum nawa na ba irinta ba abin da ya same su. Ina kuma tuna cewa idan na yi magana Hajiya za ta ji, Alhaji zai ji, Birniwa za ta ji. Allah ya gani, har muka wuce rabin lungun nan lissafin sunana nake yi, matata tana kan gado. Muka iso wata ƙofa mai murfi biyu inda ba a barin 'yan rakiya. Nas ta tura murfi ɗaya da kafaɗa. Sai na ga hannuna ya kama ƙarfen gadon.

"Hajiya, ki gaya musu ta ci."

"Ta ci me?"

"Loma. Da asuba. Ni na ba ta." Na fito da ƙunshin na ɗora a tafin hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai ɗan nan, ka tsallako sahara da 'yar mutane don ka kashe ta a nan? Ba ƙasar binnewa a garinku?"

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi ƙunshin, ta shinshina, ta tambayi abin da ke ciki da yawan da na ba ta. Aka juya gadon. An ɗaga aikin kwana biyu, aka sake ɗibar jini, tun da ba su san abin da garin yake yi a jiki ba. Da rana dattijon likitan ya leƙo, ya yi magana yana dubana, karo na farko. Hajiya ta ƙi fassarawa, sai da ya nuna mata ni da haɓa.

"Ya ce gara da ka faɗa a bakin ƙofa da a ce a bayanta ka faɗa. Shi ya ce. Ni da ni ce, ba haka zan ce ba."

Da ɗakin ya rage daga ni sai Kulu, na rasa inda zan sa idona. Ita ta fara magana.

"Malam, ranar da abin nan ya fara, ko kifi ban ci ba. Dambu na ci."

Na ce, "Kin ji abin da likitar nan ta ce zai iya faruwa. Me ya sa kika ce ba ki ci ba?"

"Na ji. Shekara ashirin da biyu ina rufa maka asiri, bakina ya saba. Kafin in yi tunani ya riga ya faɗa." Ta juya fuska bango. "Amma da ana tura ni, addu'a ɗaya nake yi, Allah ya buɗe naka."

Na durƙusa a gefen gadon na ce ta yafe mini. Ban taɓa faɗa mata wannan kalma ba tun da aka kawo ta gidana.

"Na yafe maka na tsakanina da Allah, don kada in tafi da shi. Sauran kuma sai na tashi."

Ranar aikin ban riƙe komai ba sai carbi. An shiga da ita da hantsi, ba a fito ba sai bayan azahar. A benci na zauna kusa da wani manomi mai doguwar riga, shi ma nasa yana ciki. Ba mai jin yaren wani. Ya zuba shayi a murfin gorarsa ya miƙo mini, ya kama tafin hannuna ya duba kantar da igiyar taru ta bar mini, ya nuna mini tasa ta fartanya. Haka muka zauna har aka kira shi.

Da dattijon ya fito ya nuna mana hoton abin a wayarsa. Fari-fari ne, mai santsi, kamar dankalin turawa da aka fere, ya ɗan lanƙwasa. Ya ce ya fita gaba ɗaya, shafin ciki bai huje ba. Sun zuba ruwa a wurin, suka hura iska ta cikin bututun, ba su ga kumfa ba. Wannan na gane shi tun kafin Hajiya ta gama, don haka muke danna gora a ruwa mu ga ko tana yoyo.

Kulu ta farka da tiyo a gefen ƙirji yana zubar da ruwa a wata roba. Numfashi yana yi mata zafi, nas tana tilasta mata tari da zama. Bayan kwana biyu aka sake ba ta ruwan hoto, muka ga ya sauka sambai ba inda ya tsaya, ba inda ya ɓulle. Aka fara ba ta ruwa, sai romo, sai abu mai laushi, aka cire tiyon, aka sallame mu zuwa gidan Hajiya. Sakamakon ƙarin ya fito bayan mako guda. Ba ciwon daji ba ne, kuma irinsa da wuya ya dawo.

Ranar da likita ya yarda ta ci abinci mai ɗan nauyi, Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa mai taushi, ta kaɗa kukar da wani baƙo ya bar mata. Kulu ta yanki loma 'yar ƙarama, ta tauna, ta haɗiye. Hannunta ya tafi ƙirji da kansa, ta zauna tana jira. Mu ma muna jira.

"Ta wuce," in ji ta. Ta dubi kwanon kamar ba ta yarda ba. "Hajiya, wallahi ta wuce."

"To ƙara mana, ko sai na yi miki guɗa?"

Ni na tashi na fita baranda, na daɗe ina kallon motoci.

Alhaji ya tarye mu a Kano ya kawo mu gida. Kwana biyu tsakar gidan a cike da 'yan barka. A rana ta uku, bayan la'asar, aka rage daga shi sai mu da manyan 'ya'yanmu biyu da ƙanena. Ya ce, "Wai me ya sa aka ɗaga aikin nan? Na bugo wa Hajiyar, ta ce in tambayi mijin."

"Ai Yaya, likitan ne ya..." in ji Kulu. Sai ta tsaya. Ta rufe bakinta, ta naɗe hannu a cinya, ta zuba mini ido.

Na gane sauran da ta ce sai ta tashi, shi ne wannan. Na faɗa masa komai. Shekara ukun, da wata huɗun da na yi wa likitoci ƙarya, da lomar, da abin da ya sa na ba ta. 'Ya'yana suna ji, ƙanena yana tonon ƙasa da tsinke. Alhaji bai katse ni ba. Da na gama ya sa takalminsa.

"Kulu, haɗa kayanki. Birniwa za ki ƙarasa jinya."

Ta tashi ta haɗa. Ban hana ba, ba ni da bakin hanawa.

Yau kwananta goma sha tara a can. Alhaji bai ɗauki wayata ba ko sau ɗaya. Shekaranjiya ta aiko babbar 'yarmu da saƙo. Ta ce tana cin tuwo sau uku a rana, tana kuma marmarin kifin nan ragon ruwa, ɗanye, in samo babba. Ta ce in zo da kaina in ɗauke ta, kada in aiko kowa, kuma kafin in gan ta sai na shiga zaure na gaida Yayanta, duk abin da zai faɗa mini in tsaya in ji.

An kawo kifin ɗazu, na sa shi a ƙanƙara. Gobe da sassafe zan kama hanyar Birniwa.